Muryar Alhaji ta riga bakinsa: yadda muka ceto faifan biki da ya karce

Ranar wata Talata cikin hunturu, ana idar da sallar azahar, wata dattijuwa ta shigo shagona da ke wani lungu kusa da Zoo Road, ɗanta na biye da ita. Daga Gwammaja suke. Bayan mun gaisa ta zauna a kan benci, ta buɗe jaka ta fito da wani abu naɗe cikin ɗankwali. Faifan VCD ne guda ɗaya, irin wanda ake saye fanko a ɗura masa bidiyo a kwamfuta. An rubuta sunan ango da amarya a bayansa da biro mai kauri, rubutun ma ya soma koɗewa. Bikin babbar 'yarta ne, an yi shi shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce.

Ɗan ne ya yi bayani. Ya ce tuni an juya musu faifan zuwa MP4 a wani shago, an tura musu a waya, sun biya. Ya buɗe wayar, ya ja bidiyon can wajen ƙarshe, ya miƙo mini. Wani dattijo ne zaune kan kujera cikin farar babbar riga, amarya na durƙushe a gabansa lulluɓe da mayafi, yana mata nasiha kafin a kai ta ɗakinta. Ana jin muryarsa yana cewa ta yi haƙuri, ta riƙe sirrin mijinta, amma bakinsa a rufe yake. Can sai bakin ya motsa, a daidai lokacin kuma muryar wata mata ce ke fitowa tana cewa amin.

"Ka gani ko, ɗan nan?" in ji Hajiya. "Alhaji ne, Allah Ya ji ƙansa. Ba mu da wani abu mai muryarsa sai wannan. Amma in na kalla sai in ga kamar wani ne ke magana a bayan labule, shi kuma yana kwaikwayonsa. Da can a na'urarmu ta gida yakan ɗan sarƙe, hoton ya farfashe, amma bai taɓa yin haka ba."

Na ce, "Amin, Hajiya, Allah Ya sa ya huta. A bar mini faifan da fayil ɗin, in sha Allahu za mu ga abin da za a iya."

Wannan magana tata ta ƙarshe, cewa a na'urar gida bai taɓa yin haka ba, ita ce mabuɗin aikin gaba ɗaya, amma a lokacin ban ba ta muhimmanci ba. Na ga ya dace in rubuta yadda aikin ya gudana, domin irin wannan faifai na nan jibge a gidajen Kano, cikin sif da akwati da ƙarƙashin gado, kuma yawancinmu masu juya bidiyo magani ɗaya muke ba shi, alhali cutar ba ɗaya ba ce.

Hanyar da na fara bi, wadda ba ta ɓulle ba

Na kwafe fayil ɗin MP4 a kwamfuta na duba shi da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan da ke cikin fayil ɗin bidiyo. Hoton minti 63 ne da sakan 10, sautin kuwa ya gaza shi da kusan sakan biyu da rabi. Ina ganin haka sai na yi abin da kusan kowane edita zai fara yi: na raba sauti da hoto, na ja sautin ya miƙe har ƙarshensa ya zo daidai da ƙarshen hoton. Farko lafiya lau. Ƙarshe ya kusa daidai. Da na koma wajen kamu, kusan minti na 21, sai na tarar na ɓata wurin da a da yake da dama-dama. Yanzu mata na tafi, sai bayan fiye da rabin sakan ƙarar tafin ke isowa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na goge, na koma tushe.

Saɓanin murya da baki ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda tazararsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Wannan matsar da sautin kawai za ka yi sau ɗaya, ka gama. Akwai wanda ke farawa daidai, yana ƙaruwa a hankali kamar agogon da ke ɗan sauri. Shi ne ake magancewa da jan sauti, irin abin da na yi. Sannan akwai mai tsalle: yana tafiya daidai na tsawon lokaci, kwatsam ya yi gaba, ya tsaya a nan, can kuma ya sake yin gaba. Wannan na ukun shi ne alamar lalataccen fayil, kuma duk wanda ya ja sauti a kansa zai gyara wuri ɗaya ne ya ɓata goma. Ba yadda za a yi ka san wanne ke gabanka sai ka zauna ka auna.

Awo

A VLC, manhajar kallon bidiyo a kwamfuta, harafin J da K na matsar da sauti gaba ko baya, kowace dannawa milisakan 50, wato kashi hamsin cikin dubu na sakan. Aikin shi ne ka tsaya a wuri, ka yi ta dannawa har ido da kunne su yarda da juna, ka rubuta lambar a takarda, ka wuce gaba.

Inda aikin ke da wuya shi ne zaɓen abin da za ka auna da shi. Na fara da mai kalangu, tunda bugun kalangu a fili yake, ana ganin saukar makaɗi. Amma mai kalangun na can ƙarshen fili, mai kyamara na nan bakin rumfa. Sauti na tafiyar mita 343 ne a sakan, saboda haka makaɗin da ke mita ashirin daga kyamara, bugunsa zai makara da kusan milisakan 60 ko da komai lafiya yake. Maroƙin da ke magana ta lasifika ma haka: makirfon kyamara ba bakinsa yake ji ba, lasifikar da ke rataye can a kusurwa yake ji. Sai na bar su na nemi abin da ya faru kusa da kyamara: murfin kwanon silba da ya faɗi a kan siminti, ƙofar motar amarya da aka rufe, wata yarinya da ta tafa hannu a gaban mai ɗauka. A magana kuwa, babu abin da ya kai haruffan da leɓe ke haɗuwa a kansu, wato b da ɓ da m. Duk inda wani ya ce "bismillahi" yana fuskantar kyamara, ka samu ma'auni biyu a kalma ɗaya, domin leɓe na rufewa a farkonta, ya sake rufewa a tsakiyarta.

Ga abin da takardata ta nuna. A minti na 2, babu saɓani. A minti na 14 murya ta riga baki da milisakan 100, a na 22 da 150. A minti na 24 kuwa, ba zato, ta kai 650. Ta zauna kusan nan har minti na 40, inda na samu 750. A minti na 47 ta zama 1,900, a na 55 kuma 2,850, daga nan ba ta ƙara wani tsalle ba.

Tsalle uku ke nan manya: rabin sakan, sakan ɗaya da ɗan abu, da kusan sakan ɗaya. In ka haɗa su za ka samu sakan biyu da rabin nan da MediaInfo ta ce sauti ya rasa. Amma awona ya ce 2,850, ba 2,500 ba. Ragowar milisakan 350 ɗin daga ina? Su ne wannan ɗan rarrafen da ke tsakanin tsalle-tsallen. Ashe cuta biyu ce a faifai ɗaya, ɗaya ta hau kan ɗaya.

Wani zai ce mene ne milisakan ɗari da za a damu da shi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni kan wannan a 1998: mai kallo na fara lura idan sauti ya riga hoto da kusan milisakan 45, amma in sautin ne ya makara sai ya kai kusan 125 kafin a ankara. Dalilin a fili yake. Tun muna yara mun saba ganin walƙiya kafin tsawa, mu hango mai faskare ya sauke gatari kafin ƙarar ta iso mana. Ba mu taɓa jin ƙara kafin mu ga abin da ya yi ta ba. Shi ya sa muryar da ta riga baki ke damun zuciya haka, har Hajiya ta ga kamar ba mijinta ba ne.

Abin da ke cikin faifan

Kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC ne suka fito da tsarin VCD a 1993. A Kano ya yi tashe a shekarun 2000, lokacin da ya ture kaset ɗin bidiyo a wurin dillalan fim na Kofar Wambai da Bata, masu ɗaukar biki ma suka bi sahu. Hotonsa ƙarami ne, ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, firem 25 a sakan (firem shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) bisa tsarin talabijin na PAL da Najeriya ke bi, wato kowane firem milisakan 40 ne.

An yanka faifan gurbi-gurbi, na'ura na karanta gurbi 75 a kowane sakan. A faifan ajiye takardu kowane gurbi na ɗaukar bayit 2,048 (bayit shi ne ma'aunin yawan bayanai a kwamfuta), ragowar wurin an ware shi don gyaran kuskure in faifai ya karce. A VCD kuwa an cusa bayit 2,324 a gurbi, aka sadaukar da wannan ƙarin kariyar don fim ya samu wuri. Akwai kariya ta ƙasa da kowane CD ke da ita, amma ta saman babu. Masu tsarin sun yi lissafin cewa in hoto ya ɗan farfashe na ƙiftawar ido, mai kallo zai haƙura. Ba su yi lissafin faifan da zai shekara ashirin tsakanin zafin bazara da ƙurar hunturu da hannun jikoki ba.

Hoto da sauti a cakuɗe suke cikin waɗannan gurabe, kamar gurbi ɗaya na sauti cikin kowane shida. Gurbin sauti ɗaya kacal in ya ɓace, an rasa kusan milisakan 80 na magana. To me ke hana na'urar gida rikicewa? Kowane ƙunshi na hoto ko na sauti na ɗauke da abin da zan kira hatimin lokaci, wata lamba da ke cewa a nuna wannan a daidai lokaci kaza, bisa agogon da ke bugawa sau 90,000 a sakan. In na'urar gida ta ci karo da karce, sai ta tsallake, ta duba hatimin abin da ya biyo baya, ta ajiye shi a inda hatimin ya ce. Hoto ya farfashe, sauti ya ɗan yanke, amma da sun dawo tare suke dawowa. Abin da Hajiya ta gaya mini ke nan tun ranar farko.

Manhajar da aka juya faifan da ita a wancan shago ba haka ta yi ba. Wuraren da aka kasa karantawa an tsallake su, kusan gurbi 190, wanda in ka raba da 75 zai ba ka sakan biyu da rabi. A ɓangaren hoto manhajar ta cike giɓin, ta maimaita firem ɗin ƙarshe har lokaci ya cika. A ɓangaren sauti kuwa sai ta haɗe bakin abin da ya rage, kamar tela ya yanke wurin da ya yage ya ɗinke gefe da gefe. Riga ta haɗu, amma hannu ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Sannan ta buga wa sabon fayil ɗin sababbin hatimai waɗanda ke shaida cewa komai daidai yake. Tsofaffin hatiman, waɗanda su kaɗai suka san inda giɓi yake da tsawonsa, an zubar da su. Shi ya sa babu wata manhaja da za ta gyara wannan MP4 da kanta. Dole a koma faifan.

Ban ga laifin yaron da ya yi aikin ba sosai. Abin da ake biya a juya faifai bai kai a ce mutum ya zauna ya kalli minti 63 ba. Zai duba minti biyun farko, ya ga lafiya, ya tura. Kuma karce yawanci a bakin faifai yake, inda hannu ke riƙewa, CD kuwa daga ciki yake farawa ya yi waje. Farkon biki na can tsakiya a ɓoye cikin aminci, nasiha da addu'a da kai amarya su ne a bakin faifai.

Kwana uku a kan faifai ɗaya

Na ɗaga faifan na duba shi a hasken taga. Ƙasansa duk zane ne, wasu a tsaye, wasu sun bi da'irar faifan, waɗannan su ne mugaye domin suna bin layin bayanan suna cinye gurabe a jere. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu 'yan huji biyu kamar na allura da haske ke ratsowa ta cikinsu. Mutane na kaffa-kaffa da ƙasan faifai, su kifa shi a kan bayansa, alhali a CD bayanan na manne ne dab da gefen da ake rubutu, siririn fenti kawai ya rufe su. Karcen ƙasa roba ce ta ji ciwo, ana iya leƙawa ta gefensa. Hujin sama kuwa bayanin ne kansa ya tafi.

Na wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, na goge da tsumman goge tabarau, daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. Masu shafa wa faifai man goge haƙori ko turare ko fetur, ina roƙonsu su daina, musamman in faifan ba shi da na biyu.

Ban yi ƙoƙarin kwafo fayil ɗin da hannu ba. Bidiyon VCD na cikin jakar MPEGAV da sunan AVSEQ01.DAT, kuma in ka ja shi kai tsaye, da kwamfuta ta iso gurbin da ya lalace sai ta tsaya ta ce ba za ta iya ba. Na yi amfani da IsoBuster, manhajar ceto bayanai daga faifan da ya lalace, na ɗauki kwafin faifan gurbi-gurbi, irin kwafin da ke riƙe lissafin wanda aka karanta da wanda ya gagara. Amfaninsa biyu ne. In an ɗauke wuta, kamar yadda aka yi mana sau biyu a daren farko, daga inda ka tsaya za ka ci gaba. Na biyu kuma za ka iya sauya na'urar karatu, ta koma kan guraben da suka gagara kaɗai. Idon kowace na'ura daban yake. Abin da wannan ta kasa, wata kan karanta shi ba gardama.

Na'urar tsohuwar kwamfutata ta tebur ta bar gurbi 140 da 'yan kai. Na aro ta wani abokin sana'a, ta rage su. Washegari na aiki yarona Beirut Road, inda ake sayar da kayan lantarki, ya samo wata ta hannu, tsohuwa ƙwarai, ita ce ta fi su haƙuri. Na bar ta tana nanata wuri ɗaya dare guda cur, tana ƙara kamar keken ɗinki. Da safe gurbi 58 ne suka rage, ƙasa da sakan ɗaya in an haɗa, a warwatse a wurare goma sha ɗaya. Na sake gwadawa wuni guda, lambar ba ta motsa ba. Na haƙura a nan.

Juyawa, wannan karon da hatimai

Daga kwafin na ciro bidiyon yadda yake, MPEG, ban juya shi zuwa komai ba, na sa masa suna biki.mpg. Na duba hatiman sauti da ffprobe, manhajar da ke leƙa cikin fayil ɗin bidiyo. Sautin VCD yanki-yanki ne, kowane yanki milisakan 26 da ɗan abu, don haka hatimai su riƙa hawa a jere da wannan tazara. Duk inda lambar ta yi tsalle, nan giɓi yake, kuma tsawon tsallen shi ne tsawon giɓin. Abin da na ɓata yini ina nema da kunne, ga shi a rubuce ƙarara.

Sai na ba FFmpeg, manhajar juya bidiyo, wannan umarni:

ffmpeg -i biki.mpg -fps_mode cfr -r 25 -af aresample=async=1:min_hard_comp=0.02:first_pts=0 -c:v ffv1 -c:a pcm_s16le matsakaici.mkv

Ma'anarsa a taƙaice: hoto ya tsaya a firem 25 a sakan, inda firem ya ɓace a maimaita na kusa da shi, sauti kuma ya bi hatiminsa, inda aka rasa wani abu a zuba shiru daidai tsawonsa. A tsofaffin FFmpeg, kafin ta 5.1, -vsync cfr ake rubutawa a madadin -fps_mode cfr. Wannan 0.02 ɗin da na sa yana da dalili: in ba ka faɗa ba, manhajar ba ta cike giɓi sai saɓanin ya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan, mu kuwa mun riga mun ga cewa milisakan 45 ma ido na kamawa. Fayil ɗin da na fitar babba ne, ba a matse shi ba, domin akwai sauran aiki a kansa kuma hoton VCD ba shi da ƙwarin da za a matse shi sau biyu.

Da yawa sukan sa async=1000, wanda ke ba manhajar izinin jan sauti ko tsuke shi a kusa da giɓi maimakon zuba shiru. A wasan ƙwallo ko hayaniyar taro ba wanda zai lura. A muryar mutum ɗaya da ke magana a natse kuwa, za ka iya jin ta ɗan lanƙwasa. Muryar Alhaji ita ce dalilin aikin gaba ɗaya, ban yarda a taɓa ta ba. Gara shiru na gaskiya da murya mai lanƙwasa.

Na ɗauko takardata na koma wurare ɗaya-ɗaya: murfin kwano, ƙofar mota, bismillar liman. Tsalle ukun nan sun ɓace. Abin da ya rage shi ne rarrafen: babu komai a farko, kusan milisakan 200 a minti na 30, kusan 350 a minti na 60, layi miƙaƙƙe. Wannan ba aikin karce ba ne, tun ranar da aka ɗura faifan yake ciki. Na tambayi ɗan ta waya, ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce babbar kyamarar nan ce ta kafaɗa mai kaset. A wancan zamani in za a shigar da kaset kwamfuta, sau da yawa hoto ta wata na'ura yake bi, sauti ta wata, kowace da nata agogon, kuma agogo biyu ba sa taɓa tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Sakan 0.36 cikin sakan 3,600 kashi ɗaya ne cikin dubu goma. A nan ne jan sauti ke da gurbi: atempo=0.9999, wato a rage masa sauri da wannan ɗan kaso, wanda kunne ba zai taɓa ji ba. Maganin da na fara bayarwa ranar farko ke nan, sai dai na ba shi ga cutar da ba tasa ba, kuma na zarce awo har ninki bakwai.

Daga ƙarshe na jinkirta sautin gaba ɗaya da rabin firem, don in ma akwai ɗan kuskure a awona, ya faɗa ɓangaren da ido ke yafewa. Na matse shi zuwa MP4, na mayar masa da siffarsa ta 4:3, irin ta tsohuwar talabijin, domin wancan fayil ɗin an baje shi ya cika allon waya har kowa ya yi faɗi. Sai na zauna na kalli minti 63 ɗin nan daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba.

Minti na 54

Giɓi goma daga cikin sha ɗayan nan sun faɗa cikin kiɗa da hayaniya, ba mai lura da su. Na sha ɗayan, mafi girma, gurbi 30, kashi huɗu cikin goma na sakan, ya faɗa a tsakiyar addu'ar Alhaji. Ɗaya daga cikin hujin alluran nan ne.

Ranar da suka zo karɓa na juya musu allon, na ba Hajiya kujerata. Na kai minti na 51 na saki. Alhaji ya gyara zama, ya ce bismillahi, leɓensa suka haɗu a daidai inda muryarsa ta ce su haɗu. Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Ba wanda ya ce uffan. Ya yi nasiharsa, ya ɗaga hannu ya soma addu'a: Allah Ya ba ku zaman lafiya, Allah Ya ba ku zuri'a… sai hoton ya farfashe, fuskarsa ta koma 'yan murabba'ai, shiru ya ratsa, sannan aka ji "ba", mata suka ce amin.

"Ɗayyiba," in ji Hajiya a hankali. "Zuri'a ɗayyiba ya ce."

Ɗan ya juyo wurina. "Oga, ai yanzu akwai manhajojin nan masu kwaikwayon murya. Ba za a iya sa su su cike wurin ba? Ga muryarsa nan da yawa."

Na ce za a iya, amma ba ni ne mai yanke wannan ba, a tambayi Hajiya.

"Umma, kalma ɗaya ce fa."

Ta girgiza kai. "A bar shi haka. Na san abin da ya ce. Kar a sa masa a baki abin da na'ura ce ta faɗa."

Na zuba musu fayil ɗin a filashi, tare da kwafin faifan na gurbi-gurbi, na gaya wa ɗan ya ajiye wani a Google Drive, kuma in zai tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp ya tura shi a matsayin takarda, kada a sake matse shi. Faifan kuma na sa shi cikin gidansa na roba, na ce a ajiye a tsaye, inda rana ba ta kaiwa.

Suna shirin tashi na tambayi Hajiya ko faifai ɗaya aka yi a lokacin. Ta yi shiru tana tunani, ta ce a'a, uku mai ɗaukar ya kawo: nata, da na dangin ango a Ɗorayi, da wanda aka ba ƙanwar Alhaji a Fagge. Na yi mata bayani cewa in daga uwa ɗaya aka buga su, guraben ukun iri ɗaya ne, kuma da wuya huji ya faɗa a wuri ɗaya a faifai biyu. Ko da wancan ya fi wannan lalacewa, gurbi 30 kawai muke nema a cikinsa.

Shekaranjiya ɗan ya kira ni. Na Ɗorayi ya ɓace tun da suka tashi daga tsohon gida, amma Gwaggo ta ce ta ga wani faifai cikin akwatin ƙarfe, tare da hotunan aikin hajjinta, ba ta tabbatar ko shi ne ba tunda ba rubutu a jikinsa. Na ce kada kowa ya goge shi, kada a gwada shi a wata na'ura, a naɗo shi yadda yake. Ya ce ranar Asabar zai kawo.